An cire wa Baffa tumbi, yanzu kuma sikanin ya nuna kitse a hanta

Sa'idu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Waɗanda suka san Baffanmu na Auyo sun san shekara biyu ke nan da aka yi masa aiki a Kano, aka cire masa tumbi gaba ɗaya saboda cutar kansa, ya kuma yi kemo, wato maganin kansar, ya gama. Jiki ne dai ya ƙi dawowa. Mutumin da ke da kilo 68 yanzu 49 yake. Inna na iya bakin ƙoƙarinta: shayi mai kauri da safe, malt da madarar gwangwani da hantsi, ga zuma, ga fura da sukari. To da ya sha, ba a jimawa sai gumi ya karyo masa, zuciya ta kama bugawa, ya ce a kwantar da shi. Wani lokacin kuma sai an yi kamar awa biyu hannunsa ya kama rawa, ya riƙa magana ba kan gado. Makon jiya aka yi masa sikanin a Haɗeja, takarda ta ce akwai kitse a hanta. Mutum ƙashi da fata, ina ya samo kitse? Ko dai kansar ce ta koma hanta ake ɓoye mana?

Ɗanlami Mai Shinkafa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baffa lafiya, ya sa kaffara ne.

Gwaggo Asabe: Amin. Sa'idu, wannan ai shawara ce ke cin sa ta ciki. Ba kullum take fitowa a ido ba. A samo masa jiƙo wajen masu saiwa ran kasuwa, ya sha ya yi ta fitsarin ta. Mu da shi muka tashi, ga mu nan.

Maman Walida: Gwaggo, don Allah a dakata da jiƙon tukuna. Sa'idu, a ɗakin masu tiyata nake aiki, na sha ganin irin Baffa. Gumin nan da bugun zuciyar ba shawara ba ce, ba kuma iska ba ce. Abin da ake ba shi ne ke jawo su.

Gwaggo Asabe: Madara da zuma ne za su kayar da mutum? Yau na ji sabon abu.

Maman Walida: Mai tumbi ba za su kayar da shi ba, Gwaggo. Ɗanlami ya fi ni sanin aikin ƙofar ruwa a noman rani: ruwa na taruwa a baya, ana sakin sa kaɗan-kaɗan zuwa kwami. Ranar da ƙofar ta tafi, shuka ba ta sha ba, ambaliya ta ci. Aikin tumbi ke nan. Yana riƙe abinci, ya dama shi, ya riƙa tura shi hanji a hankali cikin sa'o'i. Baffa yanzu maƙogwaronsa aka ɗinke da ƙaramin hanji kai tsaye. Kofin malt da madara a lokaci guda yake faɗawa hanji. Da yake zaƙinsa ya yi kauri, sai ya janyo ruwa daga cikin jini zuwa hanjin. Shi ne jirin da gumin da murɗar cikin da ke zuwa tsakanin minti 10 zuwa 30 bayan an ci, wani har da gudawa.

Na biyun, mai rawar hannu, daban yake. Sukarin ya shiga jini da gudu, jiki ya firgita ya saki insulin, sinadarin da ke sauke suga, fiye da kima, sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugan ya faɗi ƙasa warwas. Maganar ba kan gado da ka ji, ƙwaƙwalwa ce ta rasa suga. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, musamman idan yana kan babur ko yana bakin kogi.

Ɗanlami Mai Shinkafa: Wallahi rannan a bakin fadama na same shi zaune ya haɗa kai da gwiwa. Na ɗauka gajiya ce.

Habu Kemis: To ai ni a nan na rikice. Idan suga ya faɗi, sukari ake bai wa mutum. Ku kuma kun ce sukarin ne ke kayar da shi. Wanne za a ɗauka?

Maman Walida: Duka biyun, Malam Habu. Idan ya riga ya faɗi, a ba shi ƙwayar sukari uku ko huɗu ko rabin kofin lemo, ya dawo hayyacinsa, sannan a bi da abu mai riƙe ciki kamar ƙwai ko ƙosai, in ba haka ba zai sake hawa ya sake faɗowa. Idan ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai, a yi asibiti da shi. Amma a matsayin abincin kullum, a janye zaƙin. Kana da na'urar gwajin suga a shagonka, ran da abin ya taso ku gwada shi a lokacin. Ƙasa da 70 ya faɗi ke nan.

Sa'idu: Na gane wannan, Anti. Maganar hantar fa? Ita ce ke hana ni barci.

Likita Nura: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Sa'idu, tsoronka yana kan hanya, domin duk jinin da ya taso daga tumbi da hanji ta hanta yake bi kafin ya zagaya jiki, shi ya sa hanta na cikin wuraren farko da kansar tumbi ke zuwa. Sai dai a sikanin kamanninsu ba ɗaya ba ne. Kitse hantar gaba ɗaya yake sa ta yi haske, kansar da ta yaɗu kuwa ɗigo-ɗigo ko dunƙule take fitowa. Ban ga takardar ba, kuma ba a yanke hukunci a zaure. Ka kai ta wajen likitocin da suka yi masa aiki, in sun ga da buƙata za su tura shi babban hoto na siti.

Kitse a hantar ramamme kuwa ba baƙon abu ba ne. Mutane sun saba jin cewa ciwon masu teɓa ne, amma hanya biyu ce ke kai wa gare shi. Hanta ba ta ajiye maiƙo don ta so, tana naɗe shi ne cikin furotin ta tura shi cikin jini zuwa inda ake buƙata. In furotin ya yi ƙaranci, maiƙon ya rasa abin hawa, sai ya zauna a cikinta. Yaran da tamowa ta kumbura wa ƙafa, gashinsu ya yi ja, hantarsu cike take da kitse, alhali ba su da tsokar kirki. Baffa kusan halin da yake ciki ke nan: abinci mai gina jiki ba ya isa, abin da ya ci ma ba duka ke narkewa ba, sannan ana zuba masa sukari, hanta kuma ragowar sukari maiƙo take mayar da shi. Wasu magungunan kemo ma suna barin tabonsu a hanta.

Malam Isyaku: Ikon Allah. Wato ƙoƙarin a ga ya yi ƙiba shi ke ƙara wa hantar kaya.

Likita Nura: Haka ne, Malam. Kuma gara iyali su sani tun yanzu: wanda aka cire wa tumbi duka da wuya ya koma nauyinsa na da. Yawanci ramar takan tsaya bayan wata shida zuwa shekara, mutum ya zauna a sabon nauyi. Abin da muke nema shi ne ƙarfi da tsoka da jini, ba kumatu ba. Amma 49 daga 68 ya yi yawa, dole a binciki dalili. Sa'idu, yaya bayan gidansa yake? Yana da maiƙo, fari-fari, mai wari sosai, yana iyo a kan ruwa?

Ɗanlami Mai Shinkafa: Likita, a masai wa zai ga abin da ke iyo? Ka daɗe a birni.

Likita Nura: Ka yi gaskiya, Ɗanlami. To a sa masa fo kwana biyu a duba. Dalilin tambayar: bayan irin wannan aiki ruwan narkar da abinci da ke fitowa daga fankiriyas da maɗaciya ba ya haɗuwa da abincin a kan lokaci, sai maiƙo ya wuce bai narke ba. Akwai ƙwayoyin da ake haɗiya tare da abinci su yi wannan aikin, ana ce musu fankiriyatin. In matsalar ke nan, sukan taimaka wa nauyin da hantar gaba ɗaya. Likitansa ne zai rubuta.

Gwaggo Asabe: To ku da kuka hana madara kuka hana zuma, me zai ci? Iska?

Malama Rabi: Gwaggo, bari in amsa wannan, don ni a jikina abin yake. Ba duka aka cire mini ba, an bar kaɗan daga sama, amma duk abin da Sa'idu ya lissafa na ɗanɗana. Abin da ya zaunar da ni lafiya shi ne na daina bin lokacin cin abincin gida. Sau shida nake ci, wani lokacin bakwai, a ɗan ƙaramin kwano. Da safe dafaffen ƙwai ko alale. Da hantsi awara. Da rana tuwo 'yar loma kaɗan, miya ta fi tuwon yawa, kuka ko kuɓewa, da kifi a ciki. Mu da ke kusa da Haɗeja ba mu da uzuri a kan kifi, ko busasshe a daka a zuba a miya. La'asar kwaɗon zogale. Nono kuwa kindirmo ba sukari, shi yana zauna mini, amma madarar gwangwani da ta gari take cikina ke juyawa. Sannan babban sirrin: ba na shan ruwa a kan abinci. Sai na jira kamar rabin awa. Ranar da na kora tuwo da kofin ruwa, ranar a kwance nake yini.

Taunawa kuma sai ka ji kunyar kanka. Kowa ya tashi daga kwano ke kina nan kina tauna. Shi ya sa cin abinci a taron biki ya fita raina. Namiji kuwa ya fi wahala, don Baffa a ƙofar gida yake ci da maƙwabta, kwano ɗaya, kowa na sauri. In ba a raba masa nasa ba, ko ya yi saurin ya wahala, ko ya tsame hannu da yunwa.

Sa'idu: Wallahi Malama kamar kina gidan. Cewa yake shi ba zai ware kwano kamar mai ciwon da ake gudu ba.

Malam Isyaku: Wannan ku bar mini. Zan same shi bayan magariba. Ya zauna da mutanensa a tabarma ɗaya, kwanonsa daban, babu abin kunya a ciki.

Malama Rabi: Wani abu kuma ga masu ciwon suga. Ina da shi kafin aikin, ina shan ƙwaya iri biyu. Bayan aiki na ci gaba da sha yadda na saba, ba wanda ya ce mini in rage, sai ga ni ina faɗuwa a aji gaban yara. Da aka gwada, sugan ya sauka da kansa. Yanzu an cire mini ɗaya.

Likita Nura: Wannan sananne ne. Rama da sauya wa abinci hanya sukan sa ciwon suga ya yi sauƙi bayan aikin tumbi, wasu ma har a dakatar musu da magani. A Koriya ta Kudu da Japan aka fi nazarin wannan, domin can kansar tumbi ta yi yawa kuma suna kama ta da wuri. A Koriya duk wanda ya kai shekara 40 ana leƙa masa tumbi da na'ura duk bayan shekara biyu, shi ya sa sama da kashi 70 cikin ɗari na masu kansar ke wuce shekara biyar a raye. Da masu warkewa suka yi yawa sai hankali ya koma kan abin da ke biyo baya: suga, hanta, ƙashi, jini. Mu a nan yawanci sai mutum ya shekara yana shan maganin olsa, ya fara aman abinci, sannan a zo. Irin Baffa da Malama ba su da yawa, bai kamata a tsallake babban rami a zo a faɗa ƙarami ba. Ga masu ciwon suga, hatsarin yana ga ƙwaya irin gilbenkilamaid, mai tilasta wa jiki sakin insulin. Metfomin ba ta cika kayar da suga ba, amma ita kuma tana rage bitamin B12, wanda dama shi ne matsalar marasa tumbi. Sa'idu, ana yi wa Baffa allurar B12?

Sa'idu: An yi masa a farko-farko. Da ya ji sauƙi ya ce ya gaji da allura. Amma yana shan maganin ƙarin jini na kwalba.

Habu Kemis: Ni nake ba shi, mai kyau ne, akwai bi-kwamfiles a ciki. Kuma na ce a riƙa gasa masa hanta.

Maman Walida: Malam Habu, na kwalbar nan ba zai yi ba. Tumbi ne ke fitar da wani sinadari da ke kama B12 ya raka shi har inda hanji zai tsotse shi. Ba tumbi, ba sinadarin. Ɗan abin da ke cikin sirof wucewa zai yi, ga shi kuma sirof ɗin kansa ruwan sukari ne. Abin da ke ruɗar mutane shi ne hanta na da ajiyar B12 ta shekaru, sai mutum ya daina allura ya ga bai ji komai ba, ya ce dama cin kuɗi ne. Sai ajiyar ta ƙare, shekara biyu ko uku ko huɗu, sannan tafin ƙafa ya fara yi kamar ana tsira allura, harshe ya yi sumul yana zafi, mantuwa ta shigo, tafiya ta zama ta tangaɗi. In aka bari ya yi nisa, jijiyar ba lallai ta dawo ba. Allurar har ƙarshen rayuwa ce, wata-wata ko duk wata uku, ya danganta da irin ta.

Sa'idu: Innalillahi. Ƙafar kam yana kuka da ita tun damina. Mun ɗauka sanyin fadama ne.

Likita Nura: Kemon ma yana iya barin irin wannan a ƙafa da yatsu, musamman oksalifilatin, amma na kemo tun ana yi yake farawa. Wanda ya taso daga baya B12 ake fara zargi. A koma allura cikin makon nan, kada a jira. Maganar gasasshiyar hanta kuma Malam Habu bai yi nisa da tarihi ba. A 1926 wasu likitoci biyu a Amurka, Minot da Murphy, da hanta suka riƙa ceto masu irin wannan ƙarancin jini, har suka sami kyautar Nobel a 1934. Sai dai kusan ɗanya ake ci, wajen kwatan kilo kullum, domin ɗan kaɗan ne ke ratsawa ba tare da sinadarin tumbi ba. Baffa da ke cin loma biyar ina zai kai wannan? Ya ci hanta jefi-jefi don sinadarin ayon mai gina jini, wannan yana da kyau. Ayon ɗin ma shigarsa ta ragu, don yana son tsamin tumbi. A raba shi da shayi a kan abinci, shayi na hana shi shiga. Lemon tsami a miya ko gwaba bayan abinci na taimakawa.

Habu Kemis: To tunda ana maganar gaskiya, ni ma in faɗi tawa. An zo shagona ana neman sha-ka-fashe a ba Baffa, na hana. Ban faɗi wanda ya zo ba.

Gwaggo Asabe: Ni ce na aika, ba sai ka ɓoye ba. 'Yan mata na sha suna yin ɓul-ɓul, shi da ke buƙata sai a hana shi?

Maman Walida: Allah ya saka maka, Malam Habu, a nan kam ka yi daidai. Gwaggo, deksametason ne. Ba tsoka yake sawa ba, fuska yake kumburawa, ya cinye tsokar cinya, ya hau da suga, ya rarake ƙashi. Marar tumbi dama ƙashinsa na yin rauni saboda kalsiyam da bitamin D ba sa shiga yadda ya kamata.

Likita Nura: Akwai abin da ya fi wannan. In mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wannan ƙwayar na iya tayar da shi daga barci. Sa'idu, kafin a fara kemo an gwada shi? Ka duba jakar takardunsa.

Sa'idu: Ina zuwa, jakar na ɗakin Inna.

Ɗanlami Mai Shinkafa: Kafin ya dawo, Likita, gyaɗa fa? Malama ta ce kwaɗon zogale, ai da ƙuli ake yi. Na ji a rediyo ana cewa gyaɗa na kawo ciwon hanta.

Likita Nura: Ba gyaɗar ba ce, fumfunar da ke kama ta ce, ita da masara, in ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a danshi. Dafin da take fitarwa, afalatoksin, suya da tafasa ba sa kashe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, zaɓaɓɓiyar gyaɗa kasuwa take tafiya, ragowar mai baƙi-baƙi da ɗaci ita ake yin ƙuli da mai da ita don kada a yi asara. Wa Baffa a tsince mai kyau a gida a yi masa nasa. Ku manoma kuma akwai Aflasafe, maganin rage wannan dafin, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin fure. Sannan ku masu yini cikin ruwan shinkafa, akwai irin tsargiyar da ba ta fitsari ba ce, ta hanji ce, ƙwayayenta a hanta suke maƙalewa su sa ta tauri. Maganinta firazikwantel, ba tsada. In an je a faɗa wa likita cewa Baffa manomin fadama ne.

Sa'idu: Na samo. Akwai takardar da aka rubuta HBsAg, a gabanta an sa alamar tarawa. Ga kuma wani tsohon kwalin magani, Tenofovir. Inna ta ce kullum yake shan ɗaya lokacin kemo, da aka gama kemon ya ajiye, ya ce ai tare aka ba shi su.

Ɗanlami Mai Shinkafa: Kai! Wannan ba shi ne maganin masu ƙanjamau ba?

Admin: Ɗanlami, a kula da harshe. Zauren nan mutum sama da ɗari ne, kuma dattijon ba ya ciki balle ya kare kansa.

Likita Nura: Gara da ya tambaya a fili, da a je ana raɗa a majalisa. Ƙwayar tana cikin haɗin maganin ƙanjamau, gaskiya ne, amma ita kaɗai maganin ciwon hanta nau'in B ce, kuma don shi aka ba Baffa, domin HBsAg mai alamar tarawa na nufin yana ɗauke da cutar. Kemo na karya garkuwar jiki, cutar ta samu sarari ta taso, shi ya sa ake tare ta tun kafin a fara. Likitocinsa sun yi abin da ya dace. Sai dai ba a ajiye ta rana ɗaya da kemo. Ana ci gaba aƙalla wata shida zuwa shekara, wasu kuma ba za su daina ba ke nan, kuma ko an daina sai ana bin hantar da gwaji, domin cutar kan yi ramuwar gayya.

Sa'idu, yanzu maganar ta sauya. Kitsen nan shi ne ƙaramar matsala. Hantar da ke ɗauke da wannan cuta, ta sha kemo, ga ƙarancin abinci, ba ta da sauran wurin ɗaukar jiƙon da ba a san me ke ciki ba ko nawa ne awonsa. Ku koma Kano, Asibitin Malam Aminu Kano akwai masu kula da hanta. A yi gwajin aikin hanta, da na yawan ƙwayar cutar a jini, da na ƙoda, da yawan jini. Kada ka je ka sayo ƙwayar ka ci gaba da ba shi da kanka. Irin wadda ya sha tana taɓa ƙashi da ƙoda, mai yiwuwa su sauya masa da entekabir ko sabon samfurin Tenofovir ɗin. In ka ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko ciki ya kumbura, ko ya fara barcin rana yana ruɗewa da dare, a ranar za ku tafi. In kuma ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da zazzaɓi, a tuna da tsakuwar maɗaciya, tana yawan fitowa bayan aikin tumbi saboda an yanke jijiyar da ke sa maɗaciyar matsewa, ga kuma rama da sauri.

Gwaggo Asabe: Ashe dai maganata ta fito. Na ce shawara ce kuka yi mini ca.

Maman Walida: Kin hango wurin, Gwaggo, maganin ne muka saɓa. Malam Habu, kai ma ga naka: mai kilo 49 da irin wannan hanta ba a ba shi farasitamol awon ƙato, kuma ban da haɗin nan na ciwon jiki mai dikulofenak, yana iya yi masa gyambo a wurin ɗinkin.

Habu Kemis: An ji. Amma ku ma ku riƙa yi wa mutane bayani kafin ku sallame su. Mutum ya fito da jaka cike da takardun Turanci, ba wanda ya zaunar da shi, sai ya zo kanmu, in abu ya lalace a ce ɗan kemis ne.

Maman Walida: Ban musa ba.

Malam Isyaku: Likita, tambaya biyu. Iyalinsa fa? Sannan azumi na matsowa, na san Baffa, bara ma sai da aka kai ruwa rana da shi.

Likita Nura: Inna da 'ya'ya da duk wanda ke gidan a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku ne. Ba abin mamaki ba ne a same ta a gida, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ita, akasari tun suna yara suka samu, wajen haihuwa ko ta aska da reza. Ba a ɗaukar ta a kwano ko a musabaha, kada a ce don ita aka ware masa kwano. Tun 2004 rigakafin ke cikin alluran jarirai, ta farkon ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, wanda mu masu haihuwa a gida muke yawan rasawa. Azumi kuwa, ta fuskar lafiya mutumin da ke buƙatar ci sau shida, mai kilo 49, suga na faɗuwa, ban ga yadda zai yi ba bana. Buɗa-bakinmu kuma dabino ne da kunu mai sukari da zoɓo a kan hanjin da ya yini ba komai, daidai abin da ke kayar da shi. Hukuncin kuma naku ne, Malam.

Malam Isyaku: Hukuncin a bayyane yake cikin Baƙara, marar lafiya ya sha ya rama in ya samu sauƙi. Wanda kuma likita amintacce ya ce ba ya da ranar iyawa, babu ramuwa a kansa, sai ya ciyar da miskini mudu ɗaya kowace rana, a mazhabarmu ma ciyarwar mustahabbi ce. Baffa na da shinkafa a rumbu, wannan ba zai gagare shi ba. Wahalar ita ce ya yarda a gan shi yana ci da rana.

Malama Rabi: Ni shekarar farko ban yi ba. Daga baya, da izinin likita, nakan gwada in sanyi ne, in buɗe baki da ruwa kaɗan, in jira, sannan ƙwai, dabino ɗaya tak a ƙarshe. Amma ni ina da ragowar tumbi kuma hantata lafiya lau, kada Baffa ya ji ya ce ai Rabi ma tana yi.

Sa'idu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Litinin za mu shiga Kano in Allah ya yarda. Wa ya san ko ana yin gwajin ciwon hantar a nan kusa, don su Inna da yara? Ba zan iya kwasar mutum goma sha zuwa birni ba.

Maman Walida: Gwajin farko na tsinke ne, ɗigon jini a yatsa, ana yi a Haɗeja. Wanda ya nuna yana da ita shi kaɗai za a tura gaba.

Habu Kemis: Allurar B12 ɗin kuma zan sa a taho mini da ita cikin kayan Alhamis.

Maman Walida: Ka taho da ita, a bar ta cikin kwalinta kada rana ta taɓa ta. Amma a asibitin gari za a yi masa, a rubuta kwanan wata a kati, ba a bayan kanta ba.

Habu Kemis: Shekara nawa ina yi wa garin nan allura, Hajiya?

Maman Walida: Katin nake so, Malam Habu. Likitan Kano zai tambaya.